Yadda za ka koyi harafin 育 na Sinanci, harafin reno da tarbiyya

Ƴan uwa masu son Sinanci a nan Damagaram, musamman samarin da ke neman aiki wajen Sinuwa tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, ga harafi guda da nake so ku fara da shi, 育. Ma'anarsa haihuwa da reno da tarbiyya. Shawarata kar ka haddace shi kamar zane kawai, raba shi biyu ka gane abin da ke ciki, in ka gane wallahi ba zai fita kanka ba.

Na sama jariri ne a kife, kai ƙasa ƙafafu sama, yadda yake fitowa ranar haihuwa. Asalinsa 子 ne wato ɗa, aka juya shi, kuma a tsohon rubutunsu na kan ƙashi da ƙwaryar kunkuru har da uwar ake zanawa kusa da shi. Na ƙasa kuwa 月, nan mutane da yawa ke ruɗewa don kamarsa ɗaya da harafin wata, amma a nan nama yake nufi, jiki kenan, shi ya sa za ka gan shi a 肝 hanta da 胃 tumbi da 背 baya. Ni abin yana burge ni sosai, mutanen nan sun fara maganar ilimi ne daga jikin jinjiri, daga nono da goyo, tun kafin a zo batun lakwal.

To rubutu. Samu kaye mai gida-gida da bik, ka ɗauki gida huɗu a matsayin murabba'i guda. Ja takwas ne kuma a jere suke, kar ka tsallake. Ɗigo a sama, sai layi kwance, sai ja da ke gangarowa hagu ya karye ya koma dama ba ka ɗaga bik ba, sai wani ɗigon, saman ya ƙare. Ƙasa kuma layi tsaye a hagu, a miƙe yake kar ka lanƙwasa shi kamar na wata, sannan kwance da ya karyo ƙasa ya ƙare da ɗan ƙugiya, sai gajerun layuka biyu a ciki. Kamar dai allo ne, rubuta, goge, sake rubutawa, kana faɗi da baki.

Furucin yù ne, kuma mu nan mun yi sa'a, wannan u ɗin irin na Faransanci ne na cikin kalmar tu, ba namu na Hausa ba. Sautinsa na huɗu ne cikin karin muryar Sinanci, wato murya ta faɗo daga sama zuwa ƙasa yadda muke cewa yau. In ka ce yú da murya mai hawa kifi ka ambata, ka kiyaye.

Kuma kar ka bar shi shi kaɗai, da wuya su faɗe shi haka. 教育 jiàoyù ilimi, 体育 tǐyù wasannin motsa jiki, 生育 shēngyù haihuwa, 发育 fāyù girman jikin yaro. Sa Sinanci a Gboard, wato allon buga rubutu na wayarka, buga jiaoyu zai fito maka, amma fa sai ka fara rubuta shi da hannu daga ka, bayan nan ka duba waya ka ga ko ka yi daidai.