Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da aikin tur da awo a makarantun fasaha

Yaro zai gama karatun ƙere-ƙere a makarantar fasaha ta Garwa ko Marwa ko Ngaundare, ya ci jarrabawa, a ɗauke shi aiki a wurin masu tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Ranar farko a miƙa masa sandar injin niƙa a ce ya gyara mazaunin boris. Zai sassaƙa, ƙarfe ya fito yana ƙyalli, sai a zura boris da hannu ya shige yana rawa. Laifin ba na hannun yaron ba ne. An koya masa juya inji a ɗaki guda, an koya masa awo a wani ɗakin a kan allo, ba a taɓa haɗa masa su biyun a kan ƙarfe ɗaya ba. Kusan duk kurakuran da za mu ambata daga wannan rabuwar suka samo tushe.

Awo a allo, aiki a inji

A ɗauki boris mai lamba 6205, wanda ake samu a injinan lantarki da na niƙa da yawa. Raminsa milimita 25 ne. Idan zane ya ce a yi mazauninsa 25 k6, ma'anarsa kaurin sandar ya tsaya tsakanin 25.002 da 25.015. Tazarar duka 0.013 ce, silin gashin kai ya ninka ta kauri wajen sau biyar. Ɗalibin da ya haddace teburin H7 da k6, wato alamomin iyakar faɗin rami da kaurin sanda, don jarrabawa, amma bai taɓa buga boris a kan sandar da ya sassaƙa da kansa ba, bai san nauyin waɗannan lambobin ba.

Gyaran yana da sauƙi kuma ba ya cin kuɗi. Kowane aiki a ba shi abokin shiga: sanda da zobenta, ko sanda da tsohon boris mai lafiya. Ɗalibi ya yi guda uku da gangan, ɗaya a cikin iyaka, ɗaya ya gaza iyaka da 0.03, ɗaya ya wuce ta da 0.03, ya gwada su duka. Hannunsa zai riƙe bambancin fiye da yadda kansa zai riƙe tebur.

Kuskure na kusa da wannan shi ne ba yaro ma'aunin da bai kai aikin ba. Piye-a-kulis, wato ma'auni mai baki biyu da ake zamewa a kan ruler, mai karatun 0.02 ko 0.05 ba ya yanke hukunci a kan tazarar 0.02, komai kyawun idon mai riƙe da shi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ma'auni ya iya karanta kashi ɗaya cikin goma na tazarar da aka yarda. Mikromita, wato ma'aunin kauri da ake murɗawa, mai 0.01 ya dace da tazarar 0.1. Idan shi kaɗai makaranta take da shi, to a fara da ayyuka masu tazarar 0.1, a sauko 0.05, kuma a faɗa wa ɗalibai gaskiya cewa mazaunin k6 yana buƙatar mikromita mai karanta 0.001. Ɓoye musu wannan shi ke sa su fita da tabbacin da ba su da hujjarsa.

A kan mikromita kanta, abu uku ne ke maimaituwa. Na farko tsallake layin rabin milimita: zagaye ɗaya na hannun yana tafiya 0.5, sai yaro ya karanta 12.23 alhali 12.73 ne. Maganinsa ya fara auna wurin da piye-a-kulis don ya san unguwar da yake, sannan ya ɗauki mikromita. Na biyu matsewa da ƙarfi. A yi amfani da ɗan maɓallin ƙarshe mai ƙara, a tsaya bayan ƙas-ƙas biyu ko uku. Na uku rashin duba sifili. Kafin awo a zura farar takarda tsakanin bakunan biyu a ja ta don ta share su, a rufe, a duba. Mikromita ta 25 zuwa 50 da sandar gwajinta take zuwa, kuma wannan sandar ita ce ta fi saurin ɓata a makarantu. A ɗaure ta a akwatin, a ƙirga ta duk lokacin da ake karɓar kaya.

Zafi da ƙura

Littattafan da muke koyarwa da su sun ɗauka ɗakin awo yana kan digiri 20, domin a kan wannan zafin aka ɗora ma'aunin tsawo na duniya. A Garwa, watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Malamai da yawa suna karanta wannan babin su wuce kamar na wata ƙasa ne, alhali mu ya fi shafa.

Baƙin ƙarfe yana ƙaruwa da kusan 0.0115 na milimita a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya. Alminiyam kusan ninki biyu. Abin da ya kamata ɗalibi ya gane shi ne, idan aikin baƙin ƙarfe ne, mikromita ma baƙin ƙarfe, kuma zafinsu ɗaya, to tare suke buɗewa, kuskuren ba shi da yawa. Matsala tana wuri biyu. Sanda mai kaurin 50 da aka gama yi wa yankan farko tana iya kai digiri 60, mikromita tana kan 35: bambancin digiri 25 yana ƙara mata kusan 0.014. Yaro ya auna, ya ga daidai, ƙarfe ya huce ya koma ƙasa da iyaka. Na biyu alminiyam: tsawon 100 a ɗaki mai digiri 40 zai nuna ƙarin kusan 0.023 ko da ya huce sarai, saboda ya fi ma'aunin buɗewa. Don haka a koya musu su dakata bayan yankan farko har bayan hannu ya daina jin ɗumi, awon ƙarshe kuma a yi shi bayan aikin da ma'aunin sun zauna wuri ɗaya. Kada a bar mikromita a kan murfin inji ko a bakin taga.

Da hunturu kuma ƙura ce. Tana haɗuwa da man da ke kan hanyar keken tur, wato sashen da ke ɗauke da wuƙa, ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin hanyar a hankali. Zuba sabon mai a kan tsohon datti shi ne kuskuren: a share da tsumma tukuna, a sa mai, a tura keken gaba da baya, a rufe injin da yadi in an tashi. Dutsen awo, wato shimfiɗaɗɗen dutsen da ake ɗora aiki a auna, shi ma a rufe shi, kuma ba teburin ajiye guduma ba ne.

Abin da ke faruwa a gaban inji

Yawancin ɗalibai suna barin injin a kan gudun da na gabansu ya bari. A tilasta lissafi kafin a kunna: gudun juyawa shi ne 1000 sau gudun yanka, a raba da 3.14 sau kaurin aikin. Wuƙar HSS, wato ta taurarren ƙarfen yanka, a kan ƙarfe mai laushi tana son mita 25 zuwa 30 a minti. Sanda mai kaurin 40 ke nan juyi 200 a minti, mai kaurin 10 kuma juyi 800. Haƙorin karbaid, wanda ya fi HSS tauri da jure zafi, a mita 150 zai kai sandar 40 kusan juyi 1200. Idan ɓarɓashin ya fito shuɗi da wuƙar HSS, gudu ya yi yawa, bakin wuƙa na gab da mutuwa. Karbaid kuma idan aka ja shi a gudun HSS, ƙarfe yana manne masa a baki, fuskar aiki ta fito a yage.

Sai tsayin wuƙa. Dole bakinta ya zo daidai tsakiyar aikin. Idan ta yi sama, ƙasanta ke gogar ƙarfe. Idan ta yi ƙasa, za ta bar ɗan tsini a cibiya in an share fuska. A gwada ta da tsinin kan baya, wato sashen tur da ke tallafar ɗaya ƙarshen sanda, kafin a ɗaure. Sandar da ta fito daga bakin mandaran, wato abin da ke riƙe aiki yana juya shi, fiye da kaurinta sau uku tana buƙatar tallafin wannan tsinin, in ba haka ba za ta lanƙwasa ta yi kuka, ƙarshenta ya fi gindinta kauri. Idan an tallafe ta amma har yanzu gefe ɗaya ya fi, kan baya ne ya kauce: a sassaƙa sandar gwaji, a auna ƙarshen biyu, a matsar da shi rabin bambancin.

Akwai kuskuren da ke cinye ƙarfen makaranta fiye da kowanne. Wuƙa in ta shiga milimita 1, kauri yana raguwa da 2. Wasu injinan lambobin hannunsu na nuna shigar wuƙa, wasu na nuna ragin kauri, kuma ba abin mamaki ba ne a sami iri biyun a ɗaki ɗaya tunda kayan daga ƙasashe daban-daban suka zo. A gwada kowane inji, a rubuta a jikinsa da fenti. A tsofaffin injina hannun yana da wasa, saboda haka in an wuce lamba ba a ɗan komowa baya kaɗan. A koma rabin zagaye, a sake tahowa ta gaba.

Wajen yankan ƙarshe yara suna son lallaɓawa: 0.02, a auna, 0.02, a auna. Haƙorin karbaid ba ya yanka siririn abu haka, gogewa yake yi, sannan ya cafki da yawa lokaci guda. A bar wajen 0.8 a kan kauri, a raba shi yanka biyu daidai. Bayan na farko a auna, a gyara lamba da abin da aka gani, na biyu zai faɗa inda ake so domin nauyinsa ɗaya da na farko. Santsi kuma lissafi gare shi: haƙori mai lanƙwasar baki 0.8 da tafiyar 0.2 a kowane juyi yana ba da kusan Ra 1.6, wato lambar da ake auna kaushin fuskar aiki da ita. Wanda ya rufe aikinsa da magagari da takardar yashi don ya yi ƙyalli ya ɓata da'irar, kuma bai kamata ya sami makin santsi ba.

Ramin zare na M10, wato kusa mai kaurin milimita 10, ana huda shi da 8.5, M8 da 6.8, M6 da 5. A rage tazarar zaren daga kaurin kusar. A manna wannan a bango kusa da injin huji.

Inda kuɗin kaya ya yi ƙaranci, ana sayen ƙarfen bola a kasuwa, kuma ba laifi. Laifin shi ne miƙa wa ɗalibi tsohuwar sandar mota ba a gwada ta ba. A goga mata magagari: in ya zame bai kama ba, ƙarfen a taurare yake, wuƙar HSS ba za ta iya da shi ba.

Kan tsaro ba sassauci. Hannun jallabiya, bakin hijabi, zobe, agogo da safar hannu duk abin da mandaran ke kamawa ne; a sa rigar aiki mai matsattsen hannu, hijabi a cusa shi ciki. Makullin mandaran ba ya barin hannu sai ya bar ramin. In wuta ta ɗauke ana cikin yanka, a janye wuƙa, a kashe maɓalli, kada wuta ta dawo ta tarar da inji a kunne.

Yadda ake ba da maki

Nan ne malami yake rushe abin da ya gina. Idan shi ne ke karɓar aiki ya auna ya ba da maki, ɗalibi ya koyi cewa awo aikin wani ne. Kowane aiki ya zo da takardar bincike da ɗalibi ya cike: lambar zane, iyakar sama da ta ƙasa, ma'aunin da ya ɗauka, abin da ya karanta, da hukuncinsa, ya yi ko bai yi ba. Kauri a auna shi wuri uku a tsawon sandar, kowane wuri sau biyu a gicciye, domin a nan ake kama sandar da ta yi ƙwai ko ta tsuke. Inda zane bai sa iyaka ba, a duba ƙasansa. In an rubuta ISO 2768-m, wato ƙa'idar sassauci ta gama-gari, tsawon 30 zuwa 120 yana da sassaucin 0.3 sama ko ƙasa, bin 0.01 a wurin ɓata lokaci ne.

Sannan a musanya ayyuka, wani ɗalibin ya sake aunawa ba tare da ya ga takardar farko ba. In lambobin sun bambanta, su biyun su je gaban malam su gano dalili. Makin a raba shi: wani kaso na aikin, wani na gaskiyar takarda. Yaron da ya rubuta 24.97, ya ce bai yi ba, ya kuma faɗi abin da ya jawo, ya fi cancantar maki a kan wanda ya rubuta 25.01 alhali ƙarfensa 24.97 ne. Masana'antun yankin nan, daga na auduga da saƙa a Garwa har na siminti a Figil, injinansu suna jiran kayan gyara da za su shiga daidai, kuma mai tur ɗin da ke ɓoye kuskure ya fi wanda ke yin sa tsada.

Ayyukan da suka lalace kada a zubar. A rataya wa kowanne takarda mai lambar da aka samu da dalilin, a jera su a shiryayye, a fara darasin awo na aji mai zuwa da su.