Lilon fendulam: inda ɗalibanmu ke tuntuɓe a lissafin zare

Idan jarrabawar WAEC ta matso, yaranmu na Agege da Idi-Araba masu zuwa darasin yamma sukan kawo min tambayar fendulam, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ratayewa da zare yana lilo. Wurin da suke faɗuwa kusan ɗaya ne.

Suna rubuta cewa idan dunƙulen ya iso ƙasa, jan zaren daidai yake da nauyinsa, T = mg (T jan zaren ne, m yawan kilon dunƙulen, g kuwa ƙarfin jan ƙasa). Hakan sai in yana rataye cik ba ya motsi. Mai lilo a kan da'ira yake tafiya, kuma zaren ne ke lanƙwasa masa hanya, saboda haka a ƙasa T = mg + mv²/L, inda v gudun dunƙulen ne, L kuma tsawon zaren. Duk wanda ya hau lilo yana yaro ya san a ƙasa igiya ta fi ɗaurewa.

A gwada da zare mai mita 1, dunƙule mai rabin kilo, a ja shi gefe har zaren ya karkace da digiri 60 (kusurwar θ) daga yadda yake rataye a tsaye, sannan a sake shi, a ɗauki g a matsayin 10. Saukar da zai yi ita ce h = L(1 − cos θ), rabin mita ke nan. Nan ma wasu kan rubuta L cos θ, kuma abin takaici a digiri 60 amsar takan zo daidai, sai yaro ya riƙe kuskuren har ranar da aka ba shi digiri 30. Makamashin da tsayi ya ajiye shi ke komawa na gudu, mgh = ½mv², sai v² ya zama 10. Nauyin dunƙulen nuton 5 ne (nuton shi ne ma'aunin ƙarfi), amma zaren a ƙasa yana ja da nuton 10, ninki biyu. A wurin sakin kuwa mg cos θ ne kawai, nuton 2.5. Da daga digiri 90 aka sake shi, da jan ya kai nauyin sau uku.

Kada a saka jan zare cikin lissafin makamashi. Kullum a gicciye yake da hanyar dunƙulen, ba ya ƙara masa makamashi, ba ya rage masa.

A ɗakin gwaji kuma, tsawon L daga inda aka maƙale zaren ake auna shi zuwa tsakiyar dunƙulen, ba zuwa ƙugiyarsa ba. Kafin a danna cos, a leƙa kalkuleta a tabbatar tana kan digiri.