Kurakuran da aka fi yi wajen kwaikwayon ƙwayar jijiya da da'irar lantarki

Tun 1907 Louis Lapicque ya nuna cewa kafasita (mai tara cajin lantarki) da rezista (mai rage gudun lantarki) za su iya tsayawa a madadin fatar ƙwayar jijiya: caji ya taru, ya kai wani mataki, sai ƙwayar ta harba saƙo. Sauƙin da'irar shi ke yaudarar masu koyo.

Kuskure na farko, dagewa sai an fitar da lambobin jiki sak. Ƙwayar jijiya tana hutawa a wajen milibolt 70 ƙasa da sifili, tsayin harbinta kuwa kusan milibolt 100 ne. A allon gwaji, hayaniyar wayoyi kaɗai ta isa ta dagula wannan. Faɗaɗa ma'aunin zuwa bolt 5, babu laifi. Lokacin taruwar caji ne ba a wasa da shi. Rezista mai kilo'om 100 da kafasita mai nanofarad 100 suna ba da milisakan 10, wanda ya yi kusa da na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kafasitar nan ta zama irin wadda ake kira ta fim, wato mai siririyar leda a ciki. Ta elektrolitik tana yoyon caji.

Sai mantawa da hutun bayan harbi. Ƙwaya ta gaske ba ta iya sake harbawa sai bayan milisakan 1 ko 2, domin ƙofofin da sodiyam ke bi ya shiga ƙwayar sun rufe. In babu wannan, da'irarka za ta yi ta karkarwa a bakin mataki. Ka ba ta mataki biyu, na tashi da na sauka, ka sa taransista (ɗan makunnin lantarki) ta zubar da cajin ta riƙe shi a ƙasa na ɗan lokaci.

Wani kuskuren ma mai awo ne da kansa. Ɗora tsinken osiloskop (na'urar da ke nuna surar lantarki a allo) mai mega'om 1 a kan rezista mai mega'om 1, ka rage lokacin taruwar cajin da rabi ba ka sani ba. Tsinke mai mega'om 10 ya fi.

Masu bin hanyar Carver Mead na Caltech, wato tafiyar da taransista da ɗan ƙanƙanin lantarki, su kula da zafi. Abin da aka saita da sanyin hunturu ba zai harba daidai ba a zafin Afrilu.

Kada kuma a ce da'irar Lapicque ta yi aikin lissafin Hodgkin da Huxley na 1952, wanda ya bayyana yadda sodiyam da fotashiyam ke haifar da harbin. Mai son ainihin surar harbin sai ya ware wa sodiyam reshe, fotashiyam ma reshe, ko ya ɗauki gajeriyar hanyar da injiniya Nagumo ya bi a 1962, wato da'irar da ta sauƙaƙa wannan lissafi.