Yadda za ka kama kalmomin Haida na kayan gargajiya da na sana'ar hannu

Mutanen Haida suna zaune ne a tsibiran Haida Gwaii, can gaɓar yammacin Kanada cikin lardin British Columbia, wasu kuma a kudancin Alaska, garuruwan Hydaburg da Kasaan. Da can Queen Charlotte ake kiran tsibiran, sai a 2010 aka dawo musu da sunansu. Yarensu ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya da aka tabbatar a duniya, kuma waɗanda suka sha shi a nono yanzu 'yan tsirarun tsofaffi ne, don cutar agana ta 1862 ta yi musu mummunar ɓarna har ya zama a 1915 ba su kai mutum 600 ba a tsibiran, ga makarantun kwana da aka riƙa hukunta yara in sun yi yaren iyayensu, ga dokar da ta haramta babban taron kyautarsu daga 1885 har 1951. Ni abin da ya ja ni gare shi sassaƙa da saƙarsu ne, kuma da na zauna da kalmomin sai na gane in ka bi su ta jerin a, b, c ba za su zauna a kanka ba, dole ka bi su ta hanyar da mai sana'a ke bi, daga bishiya zuwa kayan da aka gama.

Kafin komai ka zaɓi karin harshe ɗaya ka tsaya a kai. Akwai na garin Skidegate da ake ce wa X̱aayda Kil, akwai na garin Old Massett wato X̱aad Kíl, sai na Alaska wanda ya yi kusa da na Massett sosai, waɗannan biyun su ne na arewa. Ni da farko haɗa su na riƙa yi a littafina, sai na ga dutse an rubuta hlG̱aa a nan, can kuma kwáa, na ɗauka wani ne ya yi kuskure ashe na farko na Skidegate ne na biyu na arewa. Haka na gode ma, haawa a Skidegate, háw'aa a Massett. To a nan rubutun arewa zan fi bi, in na kawo na Skidegate zan faɗa.

Sai lafazi, kuma a nan Bahaushe ya ci riba wallahi. Duk inda ka ga k' to ƙ ɗinmu ce, ta ƙasa da ƙarfe, ts' kuwa ita ce ts ta tsuntsu, abin da Bature ke shan wahalar furtawa kai tun kana yaro kake yinsa. Harafin da aka ja wa layi a ƙasa daga can cikin maƙogwaro yake fita, ḵ kamar ƙaf ta Larabci yadda alaramma ke fitar da ita, x̱ kamar kha a Skidegate, a arewa kuwa ya fi kusa da ha ta Larabci mai fitowa daga maƙogwaro. Wadda za ta ɗan ba ka aiki ita ce hl, ka ɗora harshe inda kake furta l sannan ka hura iska ta gefensa ba tare da murya ba, ka yi ta yi har ta zauna. Wasali biyu a jere ja ne, ɗan karan da ke kan wasali kuma sautin sama yake nunawa, mu da ke bambance fari da fari ta ja da sauti ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Yanzu buɗe littafinka, shafin farko ka rubuta ts'úu. Ita ce jar sidar, wata babbar bishiya mai jan katako, uwar kayan aikinsu kaf. Daga jikinta ake fafe tlúu wato kwale-kwale, ake gina na wato gida, ake sassaƙa gyáa'aang, dogon ginshiƙin nan mai siffofin dabbobi da mutane a jere (gyaaG̱ang a Skidegate). Ka jera su a ƙarƙashinta kamar 'ya'ya, kusa da tlúu ka sa áal, filafilin tuƙi. Kuma kowace kalma ka rubuta yadda ake yin abin ko da layi biyu ne, shi ne zai riƙe maka ita. Misali tlúu, gungume ɗaya ake fafewa da gizago, in an gama a zuba ruwa a ciki a riƙa jefa duwatsu masu zafi har tururi ya tausasa katakon, sannan a buɗe bakinsa a hankali da sanduna ya yi faɗi. Bill Reid, shahararren masassaƙin Haida, ya yi irinsa mai tsawon mita 15 don baje kolin Vancouver na 1986, sunansa Loo Taas, mai cin igiyar ruwa, a 1987 aka tuƙa shi da hannu har Skidegate. Akwatinsu ma da tururi ake yi, falanki guda ɗaya a yi masa tsaga uku ba tare da an raba shi ba, a turara, a lanƙwasa ya ba da kusurwa uku, ta huɗun a ɗinke ko a kafe da turakun katako, kuma yana riƙe ruwa har girki ake yi a ciki da duwatsu masu zafi.

Don Allah a nan a kiyaye, gyáa'aang ba gunki ba ne, ba bauta masa ake yi ba. Tarihin gida ne da alamomin dangi, kamar yadda tsagar fuska ke faɗa maka asalin mutum tun bai buɗe baki ba. 'Yan mishan na da ne suka yi masa waccan fahimta, har aka yi kusan shekara 90 ba a kafa sabo a Old Massett ba sai da Robert Davidson ya sassaƙa ɗaya aka ɗaga shi a 1969. Kowane Bahaide ko dai ɓangaren Yáahl yake wato hankaka, X̱uuya a Skidegate, ko ɓangaren G̱úud wato gaggafa, kuma ta wajen uwa ake gado, saboda haka waɗannan biyun ka haddace su da wuri don za ka yi ta cin karo da su a jikin kaya.

Shafi na biyu na sg̱ahláan ne, sidar mai ruwan ɗorawa, ɓawonta ya fi laushi shi ya sa ake murza shi da gashin akuyar dutse a saƙa naaxiin, bargon manya mai geza da ake rawa da shi. Babu akuyar dutse a Haida Gwaii, gashin daga maƙwabtansu na babban yanki yake zuwa ta hanyar fatauci.

Na uku shi ne wanda na fi ƙauna, ḵíid, bishiyar da Turawa ke ce wa spruce, da saiwarta hlíing. Mata ne ke fita gaɓar teku inda ƙasa yashi ce don a nan saiwar ke miƙewa sambal ba ta murɗewa, su tono ta doguwa siririya, su babbaka ta sama-sama a wuta, su ja ta tsakanin sanda mai tsaga ɓawon ya saluɓe, sannan a tsaga ta biyu a sake tsagawa har ta koma kamar zare. Da ita ake saƙa dajáng, malafarsu, daajing a Skidegate, saƙar tana da matsi har ruwan sama ba ya ratsa ta, kuma ƙasar tasu ta ruwan sama ce kusan duk shekara. Isabella Edenshaw ta yi suna a wannan saƙa, ita ta saƙa, mijinta Charles Edenshaw da ya rasu a 1920 ya zana alamomi a kai. Duk wanda ya taɓa ganin mai saƙar faifai tana tsaga kaba da farce zai gane irin haƙurin da ake magana.

Shafi na huɗu ƙarfe da dutse. X̱áal shi ne jan ƙarfe, amma garkuwar jan ƙarfen da ke nuna arzikin shugaban dangi sunanta daban, t'áaw, a Skidegate t'aaG̱uu, kar ka haɗa su. Azurfa da kuɗi kuwa dáalaa, daga dalar Turawa, kamar dai dala tamu, kuma ba haka kawai ba, tsabar azurfar ce maƙeransu suka riƙa bugewa suna yin awarwaro mai zane. Akwai kuma baƙin dutse mai laushi da ake haƙowa a tsaunin Slatechuck kusa da Skidegate, tun wajen 1820 suke sassaƙa shi suna sayar wa matuƙan jirgin ruwa, kuma su kaɗai ke da izinin ɗibarsa. Kayan rawa ka ba su gefe guda, gáwjaaw ganga, níijaangw fuskar katako da mai rawa ke sawa, wadda tushenta kwaikwayo ne, sai 'wáahlal, shi ne taron kyautar da aka taɓa haramtawa, inda duk waɗannan kaya ke fitowa fili.

Abu biyu na nahawu ka ƙara a gaban kowace kalma. Na farko siffarta in an san abin da ake nufi, kamar jirgi da jirgin, tlúu kan koma tluwáay a Alaska, tluwée a Massett, na kuma ya zama náay ko née, in ba ka san wannan ba za ka ji kalmar a bakin dattijuwa ka kasa gane ta. Na biyu shi ne ƙirga, su ba sa cewa kwale-kwale biyu kai tsaye, sai an saka ƙaramar kalma mai nuna siffar abin kafin adadi, g̱a ga abu mai faɗi da zurfi irin akushi ko jirgi, sḵ'a ga abu mai kama da sanda, skáa ga ƙaramin abu mulmulalle, ḵ'íi ga dunƙule. Biyu shi ne sdáng, kenan tlúu g̱a sdáng, dáalaa ḵ'íi sdáng. Irin waɗannan sun kai ɗaruruwa, kar ka ce za ka haddace su rana ɗaya, kowane abu dai ka koye shi tare da tasa.

Kar ka dogara da ido kawai, a shafin intanet na FirstVoices akwai muryoyin dattawan Skidegate, yawancinsu daga SHIP, shirin raya yaren da suka kafa a 1998 suna naɗar kalmomi, in kuma na arewa ka zaɓa ƙamus ɗin Jordan Lachler na 2010 ya fi sauƙin shiga, na John Enrico na 2005 mujalladi biyu ne mai nauyi, ya haɗa karin harshen duka uku. Kalma biyar a mako ta isa, ka nemo hoton abin daga gidan tarihi na Ḵay Llnagaay da ke Skidegate ka liƙa kusa da ita, ka saurara sau uku, ka naɗi muryarka a waya ka gwada da tasu, in hl ɗin bai fita ba ka sake.