Yadda na gyara zamewar bayan motar tsere a kwana

Makonni uku bayan motata na zamewa duk sanda na shiga kwana mai gargada. Na rage iskar tayoyin baya, na canza sifirin, duk a banza.

Sai na ɗaure siririyar roba a sandar shokazoban baya don ta nuna iya inda yake dannuwa, na yi zagaye ɗaya. Robar ta kai ƙarshe. Ashe shokazoban ba ya miƙewa da wuri, kowace gargada sai ta ƙara danne shi har taya ta daina riƙe ƙasa. Na murza notin dawowa, wato mai saita saurin miƙewar shokazoban, har ya ƙure, na sassauta shi ƙas takwas maimakon huɗun da, hagu da dama daidai, ban taɓa na gaba ba. Zagaye na biyu bayan ya zauna daram. Alhamdulillahi, na gode wa abokin da ya ba ni dabarar robar.