Kafin ka sake sayen iyafis, canza robar bakinsa

'Yan uwa, in iyafis ɗinka mai matsakaicin kuɗi ne kuma sautin ya fito siriri babu bes, wato sautin ƙasan nan mai kauri, kar ka yi saurin cewa jabu ne. Duba cikin kwalin, yawanci ana saka robobi girma uku, ƙarami, matsakaici da babba. Gwada kowanne.

Ni wata biyu ina jin haushin nawa, har na fara tara kuɗin wani, sai na saka babbar robar kawai wallahi kamar an canza min shi, har numfashin mai karatu nake ji tsakanin aya da aya.

Dalili kuwa, bes yana buƙatar kunne ya toshe ruf, in akwai 'yar kafa iska na fita to sautin ƙasan nan shi ke fara zurarewa. Da ya zauna daidai ba sai ka ƙure murya ba, kunnenka ma ya huta.

In za ka saka shi, ja saman kunnenka kaɗan da ɗaya hannun sannan ka tura. Kuma kunnuwan ba lallai girmansu ɗaya ba, ni na hagu babba nake sawa na dama matsakaici.

Ka cire robar ka duba 'yar ragar ciki, dattin kunne na toshe ta, goge a hankali da busasshen buroshi.

Amma fa in irin marar roba ne mai zama a bakin kunne, ko sifikar ta fashe tana karkarwa, wannan dabarar ba ta aiki. Kuma don Allah in kana kan titi cire ɗaya, in ba haka ba ba za ka ji hon ɗin mai adaidaita ba.