Kafin ku kama hanyar dashen ƙwai

Aikin jinya nake yi a sashen mata a nan Gombe, kuma tambayar da masu neman haihuwa suka fi yi mini yanzu ita ce ta dashen ƙwai, wato IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki sannan a dasa a mahaifa, wani lokaci har da aron mahaifa, wato wata mace ta ɗaukar wa ma'aurata cikin. Ga yadda nake shirya su.

A fara da maigida. Gwajin maniyyi ya fi kowanne sauƙi da arha, amma shi ake bari sai ƙarshe, bayan mace ta sha jiƙe-jiƙe da gorin dangin miji har ta gaji. Alhali kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Malam, ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, sannan ka kai a gwada. Idan sakamakon bai yi kyau ba, kada ka ta da hankalinka, a sake bayan kamar wata 3, domin kusan tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan kafin ya ƙera sabon maniyyi. A tsakanin nan ka bar taba da shisha da tiramol.

Ke kuma 'yar uwa, hoton HSG zai nuna ko bututun mahaifa a buɗe suke, sikanin zai nuna ko akwai ƙari a mahaifa, gwajin jini na AMH kuma ya ba da hasken yawan ƙwan da ya rage. Ku biyun ku san jinsin jininku saboda sikila, a duba HIV da ciwon hanta nau'in B da C. Ku fara daga likitan mata a nan gida, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya, kafin ku kashe kuɗin mota zuwa Abuja ko Kano. Fara shan folic acid, maikirogiram 400 kullum, aƙalla wata guda kafin dashen. Idan kin haura shekara 35, jiran wata 6 ba ciki ya isa ki ga likita, kada ki zauna shekara ta zagayo.

Inda na fi daɗewa da mutane shi ne maganar ƙwan wa, maniyyin wa, mahaifar wa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, kuma a mahaifarta za a dasa. Ta hana aron mahaifa, ko da ta kishiya ce. Najeriya kuma ba ta da dokar tarayya da ta tsara aron mahaifa, saboda haka in rikici ya taso a kan jariri, takardar da kuka sa wa hannu ba lallai ta fishe ku ba. Wasu asibitocin sukan ba da shawarar ƙwan wata idan naki ya yi rauni, kuma da Turanci ake faɗa, a gurguje. Ku ce a maimaita muku da Hausa. Ku ga malaminku tun kafin ku biya ko kwabo, ba bayan an fara allura ba.

Kuɗi kuwa, a rubuta muku shi dalla-dalla: magani, cire ƙwai, dasawa, ajiyar ragowar a ƙanƙara. Ku tambayi abin da zai faru in bai kama ba, don sau da yawa zagayen farko ba ya kamawa. Ban yarda a sayar da gona ɗaya tilo a kan zagaye guda ba.

Allurar girmar ƙwai takan ɗauki kwana 8 zuwa 14, ana yin sikanin akai-akai, don haka ku nemi masauki kusa da asibitin. Ba a yin wannan da zirga-zirga ta hanyar Bauchi da Jos. Allurar ƙarshe tana da ƙayyadadden lokaci, kimanin awa 36 kafin cire ƙwai. In an ce goma na dare, goman dare ce. Ana dasawa a rana ta 3 ko ta 5, sai gwajin ciki bayan kamar mako 2. Kada kwaɗayin tagwaye ya sa ku roƙi a dasa da yawa, haihuwar bakwaini daga nan takan zo. Idan ciki ya kumbura sosai, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya ragu, koma asibiti a ranar.

Akwai kuma masu damfara da ke cewa mace tana da cikin da na'ura ba ta gani. Babu irin wannan ciki. In an ce ya kama, wajen mako na 7 ki je wani asibiti dabam a yi miki sikanin, ki ga bugun zuciyar da idonki.